Kunnen Giwar Tawul

Retno ta tura ƙofar ɗaki na takwas da ƙugu, hannuwanta cike da zannuwan gado, sai ta tsaya cak. Giwar da ta naɗa da tawul ba ta nan. Jiya da yamma da hannunta ta girke ta a tsakiyar gado, ta ɗaga mata hanci sama, ta manna mata idanu na takarda. Yanzu ga tawul ɗin nan biyu, babba da ƙarami, an warware su an ninke lafiya lau a bakin gado, an shafe su sumul kamar an yi musu guga. Idanun kuwa an jera su a kan tebur kusa da butar shayi.

Kwana uku ke nan a jere. Ranar farko kunkuru, rana ta biyu biri, jiya giwa.

Duk wanda ya yi aikin ɗakuna a jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa ya san halin fasinja da dabbar tawul. Wani ya ɗauke ta hoto, wani ya sa mata tabarau da hula, wata ta tara su reras a taga har ranar sauka, ta bar ka kana neman tawul ruwa a jallo. Yara kuwa su fizge kan su yi ƙwallo da shi. Amma a ce mutum ya zauna ya kwance dabba a tsanake, ya yi wa tawul ninkin da ya fi na ɗakin wanki kyau, har ya adana idanu? Wannan kam Retno ba ta taɓa gani ba, kuma abin ya tsaya mata a rai.

Ta leƙa baranda ta kira Komang, 'yar tsibirin Bali maƙwabcin Jawa ta su Retno, da ke riƙe da ɗakunan da ke kallon nata.

"Ke, zo ki ga ikon Allah."

Komang ta zo tana taunar cingam. Ta dubi tawul, ta dubi idanu, ta tuntsire da dariya.

"An sake yanka miki dabba? Mbak Retno, yayata, tsohuwar ɗakin nan jinin mahauta ce. Dubi yadda ta feɗe ta tas, har ta ajiye miki idanu ki yi miya."

"Ke komai wasa ne a wurinki. Sau biyu Madam Luz tana shigowa zagayen yamma ta tarar da gadon nan fayau."

"Ki ce mata fasinja ce ke kwancewa mana."

"Na faɗa. Ta ce dabbar da aka naɗa da kyau babu mai zuciyar kwance ta."

"To ko giwar taki ce ta yi kama da gawa a likkafani? Kin san tsofaffinku na Jawa da tsoro."

"Taki ce dai ke kama da alade mai ciwon wuya."

Retno ta yi dariya, amma hankalinta na wani wuri. Yau da ƙarfe biyar na yamma Madam Luz, shugabar masu gyaran ɗakuna, za ta yi mata jarrabawar ƙarshe a wannan ɗakin na takwas: gyaran gado, sannan dabba biyar cikin minti goma, agogo a hannu. In ta ci, ta zama cikakkiyar mai ɗaki. In ta faɗi, ta koma inda ta fito. Inda ta fito kuwa shi ne ɗakin wanki, can ƙurya ƙasa da ruwa, ba taga, ba iska, sai ƙugin inji da zafin da ke sa mutum ya manta ko safiya ce ko yamma. Wata goma sha huɗu ta yi a can. Ranar da aka hau da ita sama gwaji ta tsaya a tagar wani ɗaki tana kallon teku, tsumma a hannu, har sai da Komang ta zungure ta. Ta rantse wa kanta ba za ta sake sauka matakalar nan da sunan aiki ba.

A can ƙasan ma ta koyi naɗin. Akwai wani Pak Jimi, wato Malam Jimi, mutum marar yawan magana da ke tsaye a injin guga. Da can, an ce, shi ne gwanin dabbobi a jirgin kaf, kafin injin ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama a wani lokaci da aka turo shi taimako, daga nan kuma bai sake hawa sama ba. In aiki ya lafa sai ya jawo tawul ya koya mata da yatsu takwas ɗinsa. Littafin kamfani ya ce a ɗaure kai da 'yar roba. Shi kuwa ba ya taɓa roba. Sai ya kama kusurwa ya murɗa, ya cusa ta ƙarƙashin 'yar'uwarta, dabba ta tsaya da kanta.

Retno ta gama gyaran ɗakin, ta tsaya tana kallon tawul ɗin nan biyu. Ba a yin dabba da safe, aikin yamma ne. Amma ita yau sai ta ga ƙwal uwar daka. Ta naɗa giwa sabuwa, ta girke ta a gado, ta ja ƙofa. Ta ci gaba da sauran ɗakunan, kunnenta na baranda.

Wajen ƙarfe goma ta ji takun silifa a hankali, ta ji ƙofa ta rufe. Ta ba da minti biyar, ta ɗauki sabulun da ba a buƙata, ta ƙwanƙwasa.

"Shigo, 'yar nan. Ai ɗakinki ne, mu baƙi ne."

Tsohuwa ce 'yar firit, irin wadda ko ba kakarka ba ce dole ka ce mata Mbah. Sunanta a takardar ƙofa Painem. Ga gado ga kujera, amma a ƙasa take zaune ƙafafu a miƙe, tabarau a karan hanci, giwa a cinya. Ta riga ta cire idanun ta ajiye gefe. Yatsanta ɗaya na cikin lanƙwasar kunnen, tana bin ta a hankali kamar mai laluben tsakuwa a shinkafa.

"Mbah, ko ba ta yi miki kyau ba ne?"

"Kyau? Ta fi ta gaske. Zauna."

"An hana mu zama a ɗakin fasinja."

"To durƙusa. Ko shi ma sun hana?"

Retno ta durƙusa.

"Ran farko da na ga kunkuru na ce da allura aka riƙe shi," in ji tsohuwar. "Na duba, babu. Na je ɗakin 'yata Lilis a hawan sama na kwance nasu, na tarar da roba. Na roƙi maƙwabciyata ta wancan gefen ta nuna mini nata, shi ma roba. Naki ne kaɗai ba roba ba tsinke. Wa ya koya miki wannan ƙullin?"

"Wani ne a wurin aiki."

"Wani." Mbah Painem ta gyaɗa kai. "Shekara arba'in da ɗaya ina sayar da shinkafa a ganyen ayaba a tashar motar Purwodadi. Kowa tsinke yake sokawa a ƙunshi. Ni ma haka nake yi, har ranar da tsinke ya soki wani direba a dasashi ya zage ni tas a gaban mutane. Na koma gida na zauna da ganye kwana uku har na samo yadda zai riƙe kansa. Ba wanda ya koya mini, kuma ban koya wa kowa ba sai mutum ɗaya. Lilis ta ce ita ba za ta yi warin ganye ba. Sai yayanta, Ngadimin. Shi ke taya ni kafin ya tafi makaranta."

Ta zare kusurwar, kunnen giwa ya faɗi.

"Shekara tara rabona da shi. Yana teku ubansa ya rasu. Muka aika, bai zo ba. Kwantiragi ya ƙare, bai zo ba. Daga baya ma waya ta daina shiga. Lilis na tsammanin teku nake sha'awar gani da ta kawo ni nan. Ni da ko rafin garinmu ba na ƙaunar tsallakawa! Hoton da ya taɓa aiko mana na duba, na ga kalar bututun hayaƙin jirgin, na ce a kawo ni mai irin wannan kalar. Ashe jirage goma sha ɗaya kamfanin ke da su masu kalar. Na tambaya a teburin ƙasa, yarinyar ta yi mini murmushi mai kyau ta ce ba sa ba da labarin ma'aikata. Gobe da sassafe kuma za mu sauka a Semarang. To, ya sunan wanin naki?"

"Jimi, Mbah."

"Jimi? Ban haifi Jimi ba."

Ba wadda ta haifi Jimi a duk Jawa, wannan kowa a jirgi ya sani. Kamfani ne ke datse suna ya liƙa maka a ƙirji don harshen Bature ya iya ɗauka. Mun ga Sukirno ya zama Kevin, mun ga Wagiyem ta zama Wendi. Sai a yi shekara ana cin abinci tebur ɗaya da mutum ba a san sunan da aka raɗa masa ba. Retno ba ta taɓa tambayar na Pak Jimi ba.

"In yana naɗi," tsohuwar ta ce tana kallonta ta saman tabarau, "yana cije harshe a gefen baki? Nan, ta hagu?"

Haka kuwa Pak Jimi yake yi, Retno ta sani. Sau nawa ta yi masa tsiya a kan wannan, tana cewa wata rana sai ya gutsire shi? Amma sai ta sunkuya ta hau gyara idanun takardar da ke gefe. Wata goma sha huɗu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, mutumin nan bai taɓa ambaton gida ba ko da wasa. Abin da ya rufe shekara tara ba ita za ta buɗe a bayan idonsa ba.

Mbah Painem ba ta matsa mata ba. Ta daɗe tana kallon fuskarta, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko ɗan ƙaramin tawul na goge fuska, ta shimfiɗa a cinya. Kafin Retno ta ƙifta ido sau biyu tawul ya zama ƙunshin shinkafa sak, mai kusurwa huɗu da ɗan tudu a tsakiya, har mutum ya ji kamar ya shinshina.

"Kai wa wanda ya koya miki. In ba ɗana ba ne, ku wanke abinku." Ta sake ɗaga kunnen giwar da yatsa. "Wannan kuma, yana saki kafin gari ya waye ko?"

"Yana yi, Mbah. Na ɗauka hannuna ne."

"Ba hannunki ba ne. Akwai lanƙwasa ɗaya ta ƙarshe da bai tsaya ya koya ba. Kullum sauri, kullum ƙararrawar makaranta."

Retno ta buɗe baki za ta ce a nuna mata, sai rediyon da ke ƙugunta ya yi ƙara, ɗaki na goma sha biyu yaro ya yi amai a kafet. Ta cusa ƙunshin a aljihun riga ta fita.

Pak Jimi sai ƙarfe huɗu yake karɓar aiki, mace kuma ba ta zuwa ɗakunan kwanan maza. Don haka ƙunshin ya wuni a aljihunta. Ta ci abincin rana da shi, ta yi sallar azahar da shi a gefen darduma, lokacin hutu ta zauna a ɗakinsu tana bitar dabbobin jarrabawa, idonta na komawa kansa. Komang da ta ji labari ta ɗauka ta jujjuya, ta girgiza shi kusa da kunne.

"Mu buɗe mana. Wataƙila akwai wasiƙa a ciki."

"Ajiye. Ba namu ba ne."

"Ke ba kya son ganin yadda aka yi shi?"

"Kamar in mutu. Ajiye, na ce."

"To in kin sauka ƙasan nan ki dinga duba agogo. Biyar ɗin Madam Luz biyar ce. Ranar da na makara minti uku ta tambaye ni ko jirgin ne ya yi mini nisa."

Ƙarfe huɗu da kwata Retno ta gama shirya ɗakunanta, ta sauka matakalar ƙarfe. Tun a hawa na biyu zafin ya tarbe ta, da warin sabulu da tururi da ta yi zaton ta manta. Ga manyan kwanduna cike da dabbobin jiya, birai da agwagi da kadoji a cakuɗe, ana kama su ɗaya-ɗaya ana kaɗewa su koma tawul. Ga Pak Jimi a bakin injin guga, shi a wannan gefe, abokin aikinsa Boyet a wancan, suna ciyar da shi zannuwa.

"A'a, manyan sama!" Boyet ya ɗaga murya. "Kin zo ganin talakawa?"

Pak Jimi ya yi ɗan murmushi. "Ba yau ce jarrabawarki ba? Me kike yi a nan?"

Ta ciro ƙunshin ta ɗora a kan teburin ninki.

Zanin da ke hannunsa ya tafi a karkace, inji ya haɗiye shi a yamutse. Boyet ya yi tsaki ya ja wani. Pak Jimi ya goge hannu a wando, ya ɗauki ƙunshin, ya juya shi ya dubi ƙasansa. Ya taɓa ƙullin da babban yatsa. Bai kwance ba.

"Ina kika samo wannan?"

"Hawa na bakwai, ɗaki na takwas. Kwana uku tana kwance mini dabbobi tana neman hannunka a ciki. Gobe da asuba za ta sauka."

"Kin gaya mata?"

"Ban gaya mata ba. Ba ta kuma buƙaci in faɗa ba. Pak Ngadimin ne ko?"

Ya runtse ido da jin sunan. Ya jingina da tebur.

"Ranar da saƙon ya zo muna kwana ɗaya da tasha," ya ce a hankali, sai da ta matso kafin ta ji shi saboda ƙarar inji. "An ce in ina so in sauka. A satin nan aka ce za a ba ni ɗakunan manya na can sama. Na ce bari in ga bayan satin. Aka binne shi, maƙwabta ne suka ɗauki makara. Bayan wata biyu injin nan ya yi mini haka." Ya ɗaga hannun. "Ba ɗakunan, ba uban. In je in ce mata me?"

"Ba ta ce ka zo da magana ba. Ta dai ce akwai lanƙwasar da ba ka tsaya ka koya ba."

Wata irin dariya ta ƙwace masa, ya sa bayan hannu ya goge ido.

"Ko ina so ma, ta ina? Kin san doka. Ƙafar ɗan wanki ba ta taka hawan fasinja sai da amalanken tawul, huɗu da rabi. Mai amalanken zai ba ni, amma ba zai iya tsaya mini a nan ba, ba shi da takardar injin. Boyet kuma ba zai ciyar da shi shi kaɗai ba."

Gaskiya ne. Tun da injin ya ci yatsu aka hana kowa tsayawa gabansa sai wanda aka koya wa. Retno ta dubi agogon bango: huɗu da minti ashirin da biyar. Ta san mutumin nan. In aka bar shi ya kwana da tunani, gobe zai ɓuya a bayan kwanduna har jirgi ya bar Semarang.

"Ni ina da takardar," ta ce. "Minti ashirin, Pak. Biyar saura kwata ka dawo, in ruga sama."

"Retno, jarrabawarki."

"Shi ya sa na ce minti ashirin. Gyara wuyan rigarka, kamar wanda aka tsamo daga tukunya."

Ya tura amalanken zuwa ƙofa, ya dawo ya ɗauki ƙunshin ya sa a aljihu, ya sake fita. Ita kuma ta tsaya a gurbinsa. Abin haushi, hannunta bai manta komai ba. Kama kusurwa, ja, daidaita da Boyet, saki. Kama, ja, saki. Kafin zani na goma gumi ya jiƙa rigarta ta sama mai tsabta.

Tana aiki tana saƙe-saƙe. Ya ƙwanƙwasa kuwa, ko yana tsaye a baranda yana jera tawul ɗin da ba a nema ba? Tsohuwar za ta mare shi ne ko za ta tambaye shi ya ci abinci? Hannun za ta fara gani ko fuskar? Retno ta ji da za a ba ta zaɓi tsakanin kallon teku da leƙen ɗakin nan na minti ɗaya, leƙen za ta ɗauka.

Biyar saura kwata, ba Pak Jimi. Saura goma, babu. Rediyonta ya yi ƙara, muryar Komang ce ƙasa-ƙasa.

"Kina ina? Madam ta fito daga ofis, allon rubutunta a hannu!"

Boyet ya dube ta ta saman zanin. Ya nuna jan maɓallin da haɓa.

"Danna ki tafi, ƙanwata. Ba wanda zai ga laifinki."

Ta dubi maɓallin. In inji ya tsaya, ƙararrawa za ta buga a ofishin shugaban wanki. Zai fito ya ga ba Jimi, zai sa a yi cigiyarsa a lasifikar ma'aikata, a aika mai gadi ya fito da shi daga ɗakin fasinja a gaban uwarsa. Minti ashirin da biyar, bayan shekara tara. Ta tuna tagar ɗaki na takwas da yadda rana ke faɗowa kan gado da yamma. Ta ji tsoro sosai, ta kuma ji haushin Pak Jimi, da na tsohuwar, da na kanta da ta kasa barin abin da bai shafe ta ba tun da safe.

Ta kashe rediyon.

"Miƙo zani," ta ce.

Ƙarfe shida ta wuce da kaɗan aka ji takun takalmi mai tsini a matakalar ƙarfe. Ba a saba jin irinsa a nan ba, har masu kaɗe dabbobi suka dakata. Madam Luz ce da kanta, allon rubutu a hammata, giwar tawul a hannu. Ta tsaya har suka gama zanin da ke ciki, ta kira shugaban wanki ya tsayar da injin.

"Na je ɗaki na takwas ƙarfe biyar daidai," ta ce. "Ban tarar da mai jarrabawa ba. Na tarar da ɗan wanki zaune a ƙasa da fasinja, sun kwashe mini tawul na hawa guda sun baza. Tana dukan hannunsa tana cewa ya sake."

"Dukan hannu, Madam?"

"Mai yatsu ukun. Ta riƙe shi ta yi kukanta, da ta gama ta ci gaba da duka." Madam Luz ta gyara tabarau. "Shekara ashirin da biyu ina aikin nan, ba a taɓa korata daga ɗaki ba sai yau. Ta ce in dawo an jima, suna karatu."

Boyet ya juya baya yana danne dariya.

"Ba na sake ranar jarrabawa, Retno. Kin sani. In na yi miki, gobe mutum arba'in za su zo mini da uwayensu. Ta gaba sai bayan wata takwas."

"Na sani, Madam."

"Jimi ya biyo ni ofis. Ya ce gobe zai sauka a Semarang, ya kuma ce in rubuta sunansa daidai a takardar, ya tsaya a kaina yana faɗa mini harafi-harafi." Ta dubi injin, ta dubi Retno. "Gurbinsa ba kowa. Mutum uku ne ke da takardar injin nan a jirgin, ɗaya zai tafi. Gobe ƙarfe huɗu za ki karɓi aiki."

Retno ta gyaɗa kai. Idonta ya cika, ba ta kuma ɓoye ba. Da hannunta ta buɗe gurbin, ga shi an ce ta shiga.

Madam Luz ta ɗora giwar a kan teburin ninki.

"Tsohuwar ta ce a ba ki, wai ba ta gama miki bayani ba da safe. Tun daga hawa na bakwai nake jan kunnen nan ya ƙi fita. Ba roba, na duba." Ta juya za ta tafi, ta ɗan tsaya a ƙasan matakala. "In kin gano yadda aka yi, ki zo ki nuna mini."

Takun takalmin ya yi sama har ya ɓace. Boyet ya tafi shan ruwa. Masu kwanduna suka koma kaɗe birai.

Retno ta goge fuska da hannun riga, ta jawo giwar gabanta. Ta ja kunnen dama, yana nan daram. Ta ja na hagu da ƙarfi, ko gezau. Ta juya ta ta leƙa ƙasan wuya, ta ga wata 'yar kusurwa da ta shige inda ba ta taɓa tunanin kusurwa za ta shiga ba. Ta cire idanun takardar ta jera su a gefen tebur, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta sa yatsa ɗaya cikin lanƙwasar, ta fara binta a hankali.